Kafson da babu komai a ciki: Abin da bincike ya gano kan shan tsakuren LSD don lafiyar ƙwaƙwalwa

A shekarar 2018, wasu masu bincike a jami'ar Imperial College da ke Landan suka roƙi jama'a wata alfarma da ba a saba jin irinta daga bakin malaman kimiyya ba. Sun nemi mutanen da dama can suke shan ɗan tsakuren ƙwayar LSD ko na lemar kwaɗi mai sa gane-gane su yaudari kansu da hannunsu. Kowa zai sayo kafso irin wanda ba a ganin cikinsa, ya zuba ɗan tsakuren da ya saba sha a cikin wasu, ya bar wasu fayau, ya raba su cikin ambulan masu ɗauke da lambar sirri da waya kaɗai ke iya karantawa, sannan ya cakuɗa ambulan ɗin har sai shi kansa ya kasa gane wanne ne wanne. Daga nan zai yi mako huɗu yana haɗiyar abin da ya zo hannunsa, yana cike takardun tambayoyi ta intanet kan yadda yake ji a ransa.

Dalilin wannan zagaye-zagaye shi ne doka da kuɗi. Gwajin haramtacciyar ƙwaya a asibiti na buƙatar lasisi iri-iri da maƙudan kuɗi, kuma a lokacin babu mai ɗaukar nauyinsa. Balázs Szigeti da David Erritzoe, waɗanda suka jagoranci aikin, sai suka bar mashayan su zama masu gwada kansu.

Mutum 191 ne suka kammala. Da aka wallafa sakamakon a mujallar eLife a watan Maris na 2021, an ga cewa waɗanda suka sha ƙwayar sun samu ci gaba: walwalarsu ta ƙaru, gamsuwa da rayuwa ta ƙaru, zargin mutane ya ragu. Sai dai waɗanda suka yi mako huɗu suna haɗiyar kafso mara komai su ma sun samu ci gaba, kuma tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai a kira ta bambanci a ma'aunin lissafi ba. Abin da ya fi tasiri a kan yadda mutum ya ji shi ne abin da ya zaci ya sha. Wanda ya haɗiyi iska yana zaton ƙwaya ce, ya fi jin daɗin yininsa a kan wanda ya haɗiyi ƙwaya yana zaton iska ce. Wasu daga cikinsu, da aka buɗe musu lambobin sirrin, sun rubuto wa masu binciken suna mamakin yadda kafson wofi ya yi musu aikin da suka daɗe suna jingina wa ƙwaya.

Wannan sakamako ya faɗo ne a tsakiyar wani yayi da ya riga ya mamaye Amurka da Turai, wanda Turawa ke kira microdosing. Ma'anarsa ita ce shan kusan kashi ɗaya bisa goma na adadin da ke jirkita hankali, sau biyu ko uku a mako, da nufin kada a ga komai, kada a ji maye, a dai wayi gari zuciya ta yi sanyi, kai ya buɗe, aiki ya yi sauƙi. Masu yi suna cewa ya raba su da ciwon damuwa, ya rage musu fargaba, ya dawo musu da sha'awar rayuwa. Tambayar da kimiyya ta shafe kusan shekara goma tana bi ita ce ko ƙwayar ce ke yin wannan aiki.

Daga keken Hofmann zuwa ofisoshin Kalifoniya

Albert Hofmann, masanin haɗa sinadarai a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, shi ne ya fara haɗa LSD a 1938 daga wani irin fumfuna da ke kama hatsi. Bai ga amfaninsa ba, ya ajiye. Sai a ranar 19 ga Afrilun 1943 ya sha maikirogiram 250 da gangan, yana ganin ɗan kaɗan ne, ya hau kekensa zuwa gida duniya na narkewa a idonsa. Maikirogiram ɗaya, don a gane ƙarfin abin, kashi ɗaya ne bisa miliyan na giram. A 1958 Hofmann ɗin ne kuma ya ware sinadarin silosabin daga lemar kwaɗin da al'ummar Mazatek na ƙasar Meziko suka daɗe suna amfani da ita a bukukuwansu na gargajiya.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun gwada waɗannan sinadarai a kan dubban marasa lafiya a shekarun 1950 da 1960, kafin su fice daga asibiti su faɗa hannun matasa masu bore. Amurka ta sanya su a sahun farko na haramtattun ƙwayoyi a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi sahu da yarjejeniyar 1971, bincike ya tsaya cik na kusan shekara talatin.

Shan tsakure kuwa sabon abu ne. Wanda ya fi kowa yaɗa shi shi ne James Fadiman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda a littafinsa na 2011 ya ba da tsarin sha yini ɗaya a huta yini biyu, ya kuma riƙa tattara rahotannin da mutane ke aiko masa. Zuwa 2015 jaridu sun fara ba da labarin injiniyoyin kwamfuta a Silicon Valley da ke haɗiyar tsakure kafin su tafi ofis. A 2017 marubuciya Ayelet Waldman, wadda tsohuwar lauya ce, ta fitar da littafi kan wata ɗaya da ta yi tana gwada abin don shawo kan matsananciyar damuwa. Daga nan magana ta bar hannun 'yan bore, ta koma ta iyaye mata da ma'aikatan banki. Abin lura shi ne duk wannan suna an yi shi kafin a wallafa sakamakon ko da gwaji ɗaya na zamani da ya kwatanta tsakuren da kafson wofi. Labari ne ya riga bincike isa kasuwa.

Ba a ce ƙwayar ba ta yin komai a jiki ba. LSD da silosin, wato abin da silosabin ke komawa bayan ya shiga jiki, sun yi kama da sirotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. Suna shiga wata ƙofa da ake kira 5-HT2A tamkar mabuɗin aro, su buɗe ta. Idan aka toshe wannan ƙofa da wani magani kafin a sha, gane-ganen ba ya zuwa. Gwaje-gwajen da ɗakin binciken David Olson na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya yi a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar dabbobi sun nuna cewa irin waɗannan sinadarai na sa su fitar da sababbin rassa, su ƙulla sababbin hanyoyi. A kan wannan ne masu goyon bayan tsakure suka kafa hujjarsu: ɗan kaɗan a kai a kai zai riƙa gyara hanyoyin da ciwon damuwa ya lalata. Hujjar na da daɗin ji. Amma a ɗakin binciken nan dai, da aka yi makonni ana ba ɓeraye tsakuren wani sinadari ɗan'uwansu mai suna DMT, an ga alamun raguwar damuwa, an kuma ga rassan nan sun ragu a ƙwaƙwalwar matan ɓerayen maimakon su ƙaru.

Abin da ɗakunan gwaji suka gani

Binciken da ya dogara ga tambayar mashaya kusan kullum yana fitowa da labari mai daɗi. Wani babba da aka wallafa a 2022 ya bi mutum 953 masu shan tsakuren lemar kwaɗi da 180 da ba sa sha na tsawon wata guda, ya ga na farkon sun fi samun sauƙi. To amma kowa a cikinsu ya san abin da yake sha, shi ya zaɓa, shi ya saya, kuma yana fatan ya yi aiki. Irin wannan bincike ba ya iya raba ƙarfin ƙwaya da ƙarfin fata.

Ƙarfin fata kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A Jami'ar McGill da ke Kanada, an tara ɗalibai 33 a wani ɗaki mai fitilu kala-kala da kiɗa, aka ba su kafson wofi aka ce musu ƙwaya ce mai kama da silosabin, aka kuma saje wasu 'yan wasa a cikinsu suna kwaikwayon maye. Kashi 61 cikin ɗari suka ce sun ji wani abu. Akwai wanda ya ce ya ga zanen bango na motsi.

Shi ya sa ake komawa ga gwajin da likita da mara lafiya duk ba su san abin da ke cikin kafson ba. Harriet de Wit ta Jami'ar Shikago, wadda ta shafe shekaru tana nazarin yadda ƙwayoyi ke shafar mutane, ta ba mutum 56 maikirogiram 13 ko 26 na LSD ko kuma na wofi, sau huɗu, ana barin kwana uku zuwa huɗu a tsakani. Sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna ingantuwar yanayin zuciya ko kaifin tunani ba. A wannan shekarar, a birnin Buenos Aires na Ajantina, tawagar Enzo Tagliazucchi ta gwada rabin giram na busasshiyar lemar kwaɗi a kan mutum 34. Na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ta nuna sauyi, alamar cewa sinadarin ya isa inda aka aike shi, amma ba a ga ƙarin basira ko walwala ba, kuma waɗanda suka ba da rahoton jin wani abu mai ƙarfi su ne waɗanda suka gane abin da aka ba su.

Gwajin da ya fi kusa da yadda mutane ke yi a gidajensu shi ne na Jami'ar Auckland da ke Niyu Zilan, ƙarƙashin Suresh Muthukumaraswamy. Maza 80 masu ƙoshin lafiya sun yi mako shida suna shan maikirogiram 10 na LSD ko na wofi kowane kwana uku, galibi a gida, bisa izinin hukuma. A ranakun sha, masu LSD sun ce sun fi jin kuzari, farin ciki, basira da kusanci da mutane. Har ma agogon hannu da ke auna barci ya nuna sun ƙara kimanin minti 24 na barci a daren washegari, abin da fata kaɗai zai yi wuya ya haifar. Amma da mako shidan suka cika aka auna su gaba ɗaya, babu wani sauyi mai ɗorewa a yanayin zuciyarsu ko tunaninsu. Wasu kuma fargaba ce ta taso musu har suka janye daga gwajin.

A 2025 mujallar JAMA Psychiatry ta fitar da gwajin da aka yi a Basel da Maastricht a kan manya 53 masu fama da ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, ɗaya daga cikin dalilan da suka fi kai mutane ga tsakure. An ba su maikirogiram 20 sau biyu a mako har mako shida. Alamun cutar sun ragu sosai a wurin masu LSD. Sun kuma ragu daidai haka a wurin masu kafson wofi.

Akwai wani tarko da duk waɗannan gwaje-gwaje ke faɗawa, kuma shi ne zuciyar matsalar. Idan tsakuren ya yi ƙanƙanta har mutum bai ji komai ba, ba a cika ganin wani tasiri ba. Idan ya kai girman da za a ga tasiri, mutum kan ji shi a jikinsa, ya gane cewa ba na wofi aka ba shi ba, daga nan kuma fata ya shigo ya gauraya da aikin ƙwaya yadda ba za a iya tsince su ba. A binciken Landan, mahalarta sun canki abin da ke cikin kafso daidai a kashi 72 cikin ɗari na lokuta. Wannan matsala ta fi ƙarfin tsakure kaɗai. Tana cikin dalilan da suka sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa da MDMA a matsayin maganin firgicin bayan tashin hankali a watan Agustan 2024, domin kusan duk wanda aka ba ainihin ƙwayar ya gane.

Masu kare tsakure na da tasu amsar, kuma ba ta banza ba ce. Mafi yawan gwaje-gwajen an yi su ne a kan lafiyayyu, kuma ba a gane ingancin maganin zazzaɓi a jikin wanda ba ya zazzaɓi. Adadin mahalarta kaɗan ne, lokacin gajere ne. Vince Polito na Jami'ar Macquarie a Ostireliya, wanda ya bi diddigin waɗannan bincike, yana ganin an yi gaggawar yanke hukuncin cewa duk fata ne. Ɗakin binciken de Wit ma ya ga cewa mutane masu alamun damuwa mara tsanani sun fi sauran amsa maikirogiram 26, kuma sun ce sun samu sauƙi bayan kwana biyu. Wannan dalili ne na ci gaba da gwaji. Bai kai matsayin hujjar rubuta wa mara lafiya takardar magani ba.

Inda ake rikita abu biyu

Yawancin labaran da ke cewa lemar kwaɗi na warkar da ciwon damuwa ba kan tsakure suke magana ba. Suna magana ne kan cikakken adadi, sau ɗaya ko biyu, a ɗakin asibiti, mara lafiya na kwance na tsawon sa'o'i shida zuwa takwas, ƙwararru na zaune a gefensa, bayan an tantance shi an shirya shi, kuma za a ci gaba da ganawa da shi daga baya. A gwajin kamfanin COMPASS Pathways da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a Nuwamban 2022, an raba mutum 233 da ciwon damuwarsu ya ƙi jin magani zuwa gida uku: miligiram 25, miligiram 10 da miligiram 1 na silosabin. Bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na masu miligiram 25 alamun ciwon sun kwanta, a kan kashi 8 na masu miligiram 1. Ko a nan ba a rasa ciwon kai da tashin zuciya ba, an kuma samu waɗanda tunanin kashe kai ya taso musu, sannan tazarar ta ragu zuwa mako na goma sha biyu.

A duba miligiram ɗayan nan da kyau. Kusan shi ne adadin da masu tsakure ke sha. Masu binciken sun zaɓe shi ne a matsayin abin kwatance, saboda sun ɗauka ba zai yi wani aiki ba. Haka Robin Carhart-Harris da abokansa suka yi a 2021 lokacin da suka gwada silosabin da maganin damuwa na escitalopram a kan mutum 59. Sha sau ɗaya ko biyu ba daidai yake da sha na makonni ba, gaskiya ne, amma abin da kasuwa ke tallatawa a matsayin magani, shi manyan gwaje-gwaje ke amfani da shi a gurbin kafson wofi. Ita ma Ostireliya, da ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa damar rubuta silosabin tun daga 1 ga Yulin 2023, ta taƙaita shi ne ga ciwon damuwar da ya ƙi jin magani, a ƙarƙashin kulawar asibiti.

Wani zai ce idan kafson wofi da na gaske duk suna kawo sauƙi, ina laifin a sha. Laifin shi ne ɗayan ba wofi ba ne. Waɗannan sinadarai ba ƙofar 5-HT2A kaɗai suke buɗewa ba, suna taɓa 'yar'uwarta 5-HT2B, wadda ke jikin marufan zuciya, waɗannan 'yan ƙyamaren da ke hana jini komawa baya. Magungunan da ke yawan ƙwanƙwasa wannan ƙofa suna da mummunan tarihi. An janye maganin rage ƙiba na fenfluramine daga kasuwar Amurka a 1997 bayan an gano yana kaurara marufan zuciya, aka janye pergolide na ciwon karkarwa a 2007 saboda wannan dalili. Duka biyun sai da aka yi watanni ko shekaru ana shan su kafin ɓarnar ta bayyana. Wanda ya sha cikakken adadi sau ɗaya a asibiti bai shiga wannan sahu ba. Wanda ke shan tsakure sau biyu a mako shekara da shekaru shi ne abin damuwar likitocin zuciya, gwaje-gwajen da aka ambata kuwa mafi tsawonsu mako shida ne.

Sannan duk gwaje-gwajen nan suna tace mahalarta. Ba a ɗaukar wanda ke da tarihin taɓin hankali mai sa jin muryoyi, ko ciwon da ke jefa mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki, sau da yawa har da wanda ke da irin wannan a danginsa na kusa, domin ƙwayar na iya tayar da abin da ke kwance. Wani nazari na Jami'ar Johns Hopkins kan rahotannin mashaya ya danganta haɗa waɗannan ƙwayoyi da maganin lithium da farfaɗiya. Haɗari mafi kusa kuma shi ne mai ciwon damuwa ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai ba zato ba tsammani, don ya koma ga abin da ya gani a bidiyo.

Auna adadin ma ba wasa ba ne. Ƙarfin lemar kwaɗi ya bambanta daga wata zuwa wata ko da a gona ɗaya suka fito, takardar LSD ta kasuwar bayan fage kuwa babu mai tabbacin abin da aka ɗiga a kanta. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun bi sawun wata alewar cakulan mai suna Diamond Shruumz, wadda ake tallatawa da sunan tsakure a shagunan taba. Mutum 180 suka kamu da rashin lafiya a jihohi 34, aka kwantar da 73 a asibiti, wasu da farfaɗiya, wasu a sume, aka kuma binciki mutuwar mutum uku da ake zargin suna da alaƙa da ita. Gwajin da aka yi wa kayan ya gano tarkacen sinadarai daban-daban, ciki har da maganin pregabalin a wasu samfuran.

A Nijeriya batun bai tsaya ga lafiya ba. Sashe na 11 na dokar hukumar NDLEA ya ambaci LSD da sunanta tare da hodar iblis da hiroyin, ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da ita ko sayarwa, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ita ko yana amfani da ita. Sashen bai ware maikirogiram 10 daga maikirogiram 100 ba.